MAGANIN DA YA FITO DAGA CIKIN ƘASAR GONA

Yau maganarmu a kan wani irin magani ce wanda kusan kowa ya taɓa karɓa a ɗakin shan magani, ko allura, ko ƙwaya, ko kafso, ko na ruwa da akan ba yara da cokali. Likitoci suna kiransa antibayotik, watau maganin da ke kashe ƙwayoyin cutar nan da ake kira bakteriya. Za mu gaya muku inda aka samo shi, da yadda ake yin sa, da kuma abin da ke sa ya daina aiki in an yi wasa da shi. Gama wanda ya san asalin abu, shi ya fi sanin yadda zai riƙe shi.

ABIN DA KE ZAUNE CIKIN ƘASA

In manomi ya ɗebi ƙasa a hannunsa, abin da yake gani shi ne yashi da laka da ɗan ruɓaɓɓen kara. Amma in an sa ƙasar nan ƙarƙashin madubin likita mai ƙara girman abu, sai a ga ashe gari ne guda cike da masu rai. Cokalin shayi ɗaya na ƙasa mai taki yakan ɗauki bakteriya miliyan ɗari, wani lokaci har miliyan dubu. Ƙanƙantarsu kuwa, in an jera guda dubu kai da kai, da ƙyar su kai tsawon ƙwayar gero.

Kada ku ji an ce bakteriya ku zaci duka cuta ne. Mafi yawansu ba ruwansu da jikin mutum. Su ne ke cinye ganye da kara da kashin dabbobi, su mai da su taki. Ba don su ba, da shara ba ta ruɓe ba, da gona ba ta yi albarka ba.

A cikinsu akwai wani dangi da masana suka sa wa suna Sitireftomaisis. Su ba su yin yawo. Sukan tsiro ne kamar zare siriri, su yi rassa cikin ƙasa kamar saiwar ciyawa. Ko ba ku taɓa ganinsu ba, kun san ƙamshinsu. Ƙamshin nan da ke tashi daga ƙasa ran da aka yi ruwan farko, mafi yawansa daga wani abu ne da waɗannan halittu ke fitarwa. Ruwa ya bugi busasshiyar ƙasa, sai ya tashe shi zuwa hancinmu.

DON ME SUKE YIN MAGANI?

Ba don mu suke yi ba, don kansu ne. Abinci a cikin ƙasa kaɗan ne, masu nema kuwa ba su ƙidayuwa. Sa'ad da abinci ya fara ƙarewa, sai Sitireftomaisis ya narkar da tsofaffin zarurrukansa, ya ci, don ya sami ƙarfin fitar da irin da iska da ƙwari za su kai wani wuri. To, wannan narkakken abinci yakan jawo maƙwabta. A daidai wannan lokaci ne yake fitar da wani dafi kewaye da kansa, wanda ke kashe sauran bakteriya ko ya hana su yaɗuwa. Kamar dai manomi ne ya tara amfaninsa, ya kewaye shi da ƙaya don awaki.

Wannan dafi shi ne mutane suka koyi tarawa, suka tace shi, suka auna shi, ya zama magani. Kusan kashi biyu cikin uku na antibayotik ɗin da aka samo daga halittu masu rai, daga wannan dangi da 'yan'uwansa suka fito. Fenisilin, wanda Alexander Fleming ya gano a Landan cikin shekarar 1928, shi daga fumfuna ya fito, irin wadda ke tsirowa a kan tsohon burodi. Labarinsa daban ne. Na yau labarin bakteriyar ƙasa ne.

YADDA AKA GANO

Mutumin da ya fi kowa dagewa a kan wannan bincike shi ne Selman Waksman, malamin ilmin ƙasar noma a Jami'ar Rutgers ta Amurka. Ya lura cewa ƙwayoyin cuta da yawa in sun zuba cikin ƙasa ba su daɗewa. Sai shi da almajiransa suka shiga neman abin da ke kashe su.

Dabararsu ba ta da wuyar ganewa. A ɗebo ƙasa, a dama da ruwa, a shafa kaɗan a kan faranti mai abincin bakteriya, a rufe a ajiye wuri mai ɗumi. Bayan 'yan kwanaki kowace ƙwaya ta yi 'yar unguwarta a kan farantin. Sai a kawo ƙwayar cuta a shuka kusa da su. In aka ga wata unguwa da fili fes kewaye da ita, inda ƙwayar cutar ta kasa tsirowa, to, an san mai wannan unguwa yana da dafi. Sai a ware shi a yi ta renonsa.

Aikin yana son haƙuri, gama akan gwada dubbai kafin a dace da guda. Wanda aka dace da shi ma sau da yawa yakan kashe ƙwayar cuta ya haɗa da dabbar da aka gwada a kanta. Haka ta faru da biyu na farko da suka samu, a 1940 da 1942, dafinsu ya yi wa jiki yawa.

A watan Oktoba na 1943 wani almajirin Waksman, Albert Schatz, saurayi ɗan shekara 23, ya dace. Ya sami iri biyu na Sitireftomaisis, ɗaya daga gonar da ta sha taki, ɗaya daga maƙogwaron kaza. Maganin da aka tace daga gare su aka sa masa suna sitireftomaisin. Shi ne magani na farko da ya iya da ƙwayar tarin fuka, wadda fenisilin bai taɓa ta ba. An ba Waksman lambar girma ta Nobel a 1952. Schatz kuwa sai da ya kai ƙara kotu a 1950 kafin a amsa cewa da shi aka gano maganin.

Daga nan sai kamfanonin magani suka bazu neman ƙasa ko'ina a duniya. Matafiya da ma'aikata suna aiko musu da ita cikin 'yan ƙunshi. Ga kaɗan daga abin da aka samu:

Kuloramfenikol, a 1947, daga ƙasar wata gona a Benezuwela. Shi ne ya fara karya lagon zazzaɓin taifot.

Kakan tetarasaikilin, wanda aka bayyana a 1948, daga ƙasar wata gonar gwaji a Jihar Missouri ta Amurka. Kafson nan mai ja da rawaya da kuka sani daga wannan gida yake.

Eritiromaisin, a 1952, daga ƙasar da wani likita ya ɗebo a tsibiran Filifin. Daga gare shi aka gyara azitiromaisin, wanda ake rabawa a ƙauyuka don ciwon idon nan mai juya gashin ido ciki ya makantar da mutum.

Rifamaisin, a 1957, daga ƙasar wani kurmi a kudancin Faransa, masana a Italiya suka tace shi. Daga gare shi aka yi rifamfisin, wanda yau shi ne ginshiƙin maganin tarin fuka da na kuturta.

Har wa yau akwai aibamektin, wanda asalinsa wani Sitireftomaisis ne da Satoshi Omura ya samo a ƙasar Japan. Shi tsutsotsi yake kashewa, ba bakteriya ba. Tun 1987 ake ba da shi kyauta don makantar da ƙudan bakin kogi ke kawowa. A watan Janairu na 2025 Hukumar Lafiya ta Duniya ta shaida cewa Jamhuriyar Nijar ta rabu da wannan cuta, ita ce ta farko a Afirka.

YADDA AKE YIN SA A MA'AIKATA

Ba ƙasa ake niƙawa a zuba cikin kafso ba. Irin da aka zaɓa shi ake renonsa cikin manyan tankunan ƙarfe, waɗansu sun fi ɗaki tsawo. A cika tanki da ruwa mai sukari da garin waken suya, a dafa shi tukuna don kada wata baƙuwar ƙwaya ta rage, sa'an nan a zuba irin. Ana hura iska ciki, ana juyawa dare da rana, ana kuma tsare ɗuminsa. Bayan kamar mako guda sai a tace ruwan, a fitar da maganin, a wanke shi sau da yawa har ya zama gari mai tsabta. Daga nan a gwada ƙarfinsa, a auna daidai abin da zai shiga kowace ƙwaya. Waɗansu, kamar kuloramfenikol, masana sun koyi haɗa su da kansu ba sai da tanki ba.

A nan akwai gargaɗi babba. Kada wani ya ce tun da magani daga ƙasa ya fito, bari ya shafa ƙasa a miki. Ƙasar da ke da Sitireftomaisis ita ce kuma gidan ƙwayar cutar sarƙe haƙora, wadda likitoci ke kira tetanus, balle ƙasar da ta gauraya da kashin dabbobi. Kada a sa ƙasa, ko toka, ko kashin shanu a kan rauni, ko kaciya, ko cibiyar jariri. A wanke rauni da ruwa mai tsabta da sabulu, a kai wa malamin asibiti.

YADDA YAKE AIKI CIKIN JIKI

A cikin kowace bakteriya akwai waɗansu 'yan wurare kamar maƙera, inda take ƙera kayan jikinta. Sitireftomaisin da tetarasaikilin da kuloramfenikol da eritiromaisin duk can suke zuwa su toshe. Maƙera ta tsaya, ƙwaya ta mutu ko ta kasa haihuwa, sai sojojin jini su ƙarasa ta. Namu jikin ma yana da irin waɗannan maƙeru, amma ƙirarsu daban ce, shi ya sa maganin ke kama na ƙwayar cuta ya bar namu.

Daga wannan za ku gane abu biyu. Na farko, ciwon da ba bakteriya ta kawo ba, antibayotik ba shi da abin kamawa. Mura, da yawancin tarin da ke biyo ta, da yawancin zawon yara, wata ƙwaya ce daban ke kawo su, wadda ake kira bairos, ita kuwa ba ta da irin wannan maƙera. Yaro mai zawo abin da yake bukata shi ne ruwan gishiri da sukari da ƙwayar zinki, in kuwa da jini a bayan gidansa a kai shi asibiti. Zazzaɓin cizon sauro shi ma da nasa gwajin da nasa maganin.

Na biyu, dafi dai dafi ne, ko an tace shi. Sitireftomaisin da jentamaisin in sun yi yawa sukan taɓa kunne da ƙoda, har mutum ya kurmance. Tetarasaikilin yakan ɓata haƙoran yara, don haka ba a ba mace mai ciki ko yaron da bai kai shekara takwas ba. Kuloramfenikol wani lokaci yakan lalata ɓargon da ke yin jini. Abin da ya sa ke nan ake auna magani da nauyin mutum da shekarunsa da irin ciwonsa.

YADDA ƘWAYAR CUTA KE GAGARAR MAGANI

To, ga inda maganar take. Mai dafa guba dole ya san makarinta, in ba haka ba shi za ta fara kashewa. Sitireftomaisis yana da hanyar tsare kansa daga dafinsa. Maƙwabtansa kuma, da yake sun daɗe suna zama tare, waɗansu sun sami tasu dabarar. Wata ƙwaya takan fitar da abin da zai lalata dafin, wata ta tofar da shi waje da zarar ya shiga, wata ta sauya ƙirar maƙerarta yadda ba zai kama ba. Wannan ba sabon abu ba ne. A 2011 masana suka ba da labarin sun sami alamun irin waɗannan dabaru cikin daskararriyar ƙasa a arewacin Kanada, wadda ta shekara dubu talatin a binne. Abin da ya fi muni, bakteriya sukan miƙa wa juna dabarar, ko da ba danginsu ɗaya ba.

An ga aikin wannan tun da wuri. A Ingila aka gwada sitireftomaisin a kan masu tarin fuka, aka bayyana sakamako a 1948. Mutum 55 aka yi musu allura, mutum 52 aka ba su hutu kawai, yadda aka saba a lokacin. Cikin wata shida, huɗu suka rasu a cikin masu allura, goma sha huɗu a cikin masu hutu. Magani ya yi aiki ke nan. Amma da aka duba majinar waɗanda aka yi wa allura, sai aka tarar a jikin mafi yawansu ƙwayar ta riga ta daina jin maganin.

Dalili shi ne, a huhun mai tarin fuka ƙwayoyin miliyoyi ne, a cikinsu kuwa ba a rasa 'yan kaɗan masu taurin kai. Magani ya share masu rauni, ya bar wa masu taurin kai fili, su hayayyafa su cika wurin. Kowane manomi ya san haka. In ka yi noma ka bar saiwar muguwar ciyawa, ka yi mata gyaran wuri ne.

Likitoci suka gane cewa hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ƙwayar da ta gagari magani guda, da wuya ta gagari uku ko huɗu a lokaci ɗaya. Shi ya sa yau mai tarin fuka yakan sha magani iri huɗu a haɗe har wata biyu, sa'an nan iri biyu har wata huɗu, wata shida ke nan. Ana daɗewa ne domin ƙwayar tarin fuka mai nawa ce. Waɗansu bakteriya sukan rabu biyu cikin minti ashirin, ita kuwa sai ta kusa kwana guda, waɗansunta ma sukan yi lamo kamar barci, magani bai cika samunsu ba sai sun motsa. Mutum yakan ji sauƙi tun cikin makonnin farko, tari ya ragu, ya fara cin abinci. In ya tsaya a nan, an kashe maciji ba a sare kansa ba. Ciwon zai iya dawowa, wataƙila kuma da ƙwayar da ba ta jin rifamfisin, ya kuma shafa wa iyalinsa ita.

Abin ya riga ya yi nisa. A lissafin Hukumar Lafiya ta Duniya, mutum wajen 400,000 suka kamu da tarin fukan da ba ya jin rifamfisin a shekarar 2023. Wani babban bincike kuma ya nuna cewa a 2019 bakteriyar da ta gagari magani ta kashe mutum wajen miliyan 1.27 a duniya, kuma in an auna da yawan jama'a, Afirka ta Yamma ce ta fi ko'ina asara.

Kada kuma a ce ai Turawa za su samo wani. Daga 1940 zuwa wajen 1965 aka sami yawancin dangogin maganin da muke da su. Bayan nan masu tonon ƙasa suka yi ta sake samun waɗanda aka riga aka sani. Mafi yawan bakteriyar ƙasa ma ba su yarda su tsiro a farantin masana. Ana nan ana neman sababbin hanyoyi, amma daga gano magani zuwa ranar da zai iso ɗakin shan magani akan yi shekara goma ko fiye. Wanda ke hannunmu shi za mu tattala.

ABIN DA YA WAJABA GA KOWA

1. Kada ka sha antibayotik sai likita ko malamin asibiti ya duba ka ya rubuta. In ya ce ciwonka ba ya bukatar allura ko kafso, ba rowa ya yi maka ba.

2. Ka sha yadda aka ce, a lokacin da aka ce, har iyakar kwanakin da aka ce. In an ce sau uku a yini, a raba tsakani daidai, kada a haɗa su duka da dare.

3. Kada ka sayi kafso biyu ko uku wurin mai talla a kasuwa ko a tasha. Maganin da ya sha rana ƙarfinsa yakan ragu, wani ma jabu ne, guntun magani kuwa horar da ƙwayar cuta yake yi.

4. Kada ka ba wani ragowar naka, kada ka ajiye don wani ciwon. Na babba ba na yaro ba ne.

5. Kada a fasa kafso a barbaɗa a miki, kada a zuba wa kaji da shanu magani barkatai ba da shawarar malamin dabbobi ba. Ƙwayar da ta koyi gagara a jikin dabba tana iya isowa ga mutum.

6. Wanda ya yi mako biyu yana tari, balle da rama, ko zufan dare, ko jini a majina, ya je a gwada majinarsa. Maganin tarin fuka da na kuturta kyauta ake ba da su a asibitocin gwamnati da aka keɓe. Rifamfisin yakan mai da fitsari ja, wannan ba abin tsoro ba ne. Amma in ido ya yi rawaya, ko jiki ya yi ƙuraje, ko ji ya ragu, a koma asibiti nan da nan.

7. A kai yara rigakafi, a wanke hannu da sabulu bayan an fito bayan gida da kafin cin abinci, a tafasa ruwan da ba a amince da shi ba. Ciwon da bai kama ka ba, ba ya cin magani.

Mai gida ya karanta wa iyalinsa wannan, wanda ya ji kuma ya gaya wa wanda bai ji ba. In akwai abin da bai gane ba, ya tambayi malamin asibitin garinsu, aikinsa ke nan. Mu kwana nan, jama'a. Allah ya ba mu lafiya.